Bencin Baya

Bayan rafi, Fadan Kagoma
Tsakiyar damina

Zuwa ga Edna, jikar wana, malamar makaranta a Kafanchan.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da yaran, da Gregory wanda ya ɗauke mini ke bai zo ya roƙe ni ba. Ni ina nan. Gwiwar dama tana ciwo in hadari ya haɗu, kunnen hagu kuwa ya riga ni tafiya. Ruwa yana sauka yadda ya kamata.

Kin san ban shiga makaranta ba, a ajin baftisma na koyi baƙi, in kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi da idonki. Kada kuma ki ce me ya hana ni aron waya. Na san abin da maganar da ba a rubuta ba ta yi mini.

Afiniki mai kai gwaza kasuwarku ta ce ta biya gidanki ba ta same ki ba, aka ce mata kina wurin horo, wai kowace Asabar. Ban tambaye ta abin da kika yi ba, ba kuma zan tambaye ki ba. Na rubuto ne domin a danginmu kaf ni kaɗai na san wannan hanya.

Ranar da muka binne ubana, wanda bai taɓa taka coci ba, tsofaffin abokansa suka zo da ƙaho za su busa masa kamar yadda ake yi wa maharbi. Ban kira su ba, ban kuma kore su ba. Gawar ubana ce, ba ta dattawan coci ba. Lahadi na zagayowa sakatare ya tashi lokacin sanarwa ya ce ɗan'uwa Boaz yana ƙarƙashin horo, zai koma bencin baya, ba zai ci jibin Ubangiji ba, har sai dattawa sun sake zama a kan maganarsa. Lokacin ubanki ko gemu bai fara ba, jirgin ƙasa kuma yana cika tashar Kafanchan da mutane.

Kafin su zauna aka yi wa faston canjin wuri. Wanda ya zo bayansa ya ce bai san maganar ba, zai tambaya. Na bayansa ya ce in yi haƙuri. Daga nan na daina zuwa wurin fastoci, in suna da magana sun san gidana. Dattawan nan sun mutu ɗaya bayan ɗaya, na je jana'izar kowannensu, na zauna a baya. An rushe cocin laka an gina na bulo, an sayo kujerun roba, amma an bar benci guda kusa da ƙofa, inda mata suke fita da jarirai masu kuka. A nan nake. Har yau ba su zauna ba.

Saboda haka ga shawarata. Ko me suka ce kin yi, ki sa su rubuta ranar da horon zai ƙare, su sa hannu. Kada ki yarda da sai mun zauna. Ki riƙa zuwa da ɗan matashi, bencin yana da tauri.

Labarin gida babu wani abu. Uwar Kaleb, Tamar, tana can Mararaba da tukunyar abincinta, tun rasuwar ɗana ba ta cika zuwa ba. Kaleb kuwa, jikan da nake taƙama da shi, ya zama malalaci. Tun da cutar nan ta ruɓar da citta bara, tasa da ta abokansa da ya ba iri, ba ya son gona. Rana tana tsaka yana kwance. Abinci sai na yi faɗa. Ya bar kwaya. Kwanan nan ma ya dawo yana zama kusa da ni a bencin baya, ba wanda ya aike shi. Ban hana shi ba, na daɗe ban sami abokin zama ba.

Ki ba Afiniki amsa, kada ki zama kamar dattawa.

Kakanki,
Boaz

*

Kafanchan
Ƙarshen Yuli

Kaka Boaz, maigidana na fari,

Na gaishe ka da kyau. Muna lafiya, Gregory ya ce in faɗa maka zai zo roƙon, amma sai ka fara biyan kuɗin makarantar yara. Ka riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ka daina tsallake rafi in ya cika.

Na yi dariya da wasiƙarka har na ji kunya, domin na san ba abin dariya ka rubuta ba. Kaka, ba wanda ya sa ni a baya. Horon da nake zuwa kwas ne, koyarwa ce. Wata ƙungiya ce ta tara mu, malaman makaranta, shugabannin matasa na coci da na masallaci, wani mai kemis, har da wata mai kitso, domin an ce a ƙarƙashin hannunta 'yan mata suke faɗin abin da ba sa faɗa wa uwayensu. Wata nas mai kula da masu damuwar zuciya da tunani, Sista Mildred, ita take koya mana.

Ba likitoci za mu zama ba. Ana koya mana mu lura da yaron da barcinsa ya canza, ko cinsa, ko ya janye daga abin da yake so. Mu zauna da shi, mu tambaya, mu yi shiru. Kada mu yi saurin cewa ka yi haƙuri, ko ka ƙara addu'a, ko wane ma ya fi ka shan wahala. Mu kuma san lokacin da abin ya fi ƙarfinmu, mu kai asibiti. Makon jiya an haɗa mu biyu biyu, ɗaya ya yi magana, ɗaya ya saurara ba tare da ba da shawara ba. Ni ce na fara faɗuwa. Mai kitson ta cinye mu duka.

Ban san labarin bencin nan haka ba. Tun ina yarinya nake ganinka a can, na ɗauka iskar ƙofa kake so. Ba wanda ya taɓa faɗa mini, ni ma ban tambaya ba.

Amma ƙarshen wasiƙarka ya fi tsaya mini. Ka ce Kaleb ya bar ƙwaya. Tun yaushe yake sha, kuma wace iri? Wanda ya daina farat ɗaya yakan kwanta haka, kuma yana bukatar a duba shi. Ko ma ba wannan ba, saurayin da ya bar gona da abinci da abokai ba lallai lalaci ba ne. Na kira wayarsa ba ya ɗauka.

In mun gama kwas ɗin, kowannenmu zai riƙa bibiyar matasa kaɗan. Kafin nan ina so ni da Sista Mildred mu zauna a kan maganar Kaleb, in ka yarda, in shi ma ya yarda. Don taimakonsa ne.

Jikarka,
Edna

*

Bayan rafi
Watan takwas

Edna,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi, gwiwa tana nan inda take. Na gode wa Allah da ba ki yi laifi ba, ko da yake na riga na yi miki addu'ar masu laifi, ba zan janye ta ba, ki ajiye.

Na farko, kwaya na rubuta, ta waƙa, wadda ake tsayawa a gaban coci da riguna iri ɗaya. Ke ce malama, ke kika ƙara wa harafin ƙugiya. Jikana bai taɓa shan komai ba, ko burukutu ba ya so ya ji warinta. Ki goge wannan daga kanki kafin ya shiga kunnen nas ɗinki.

Na biyu. Kin ce horonku daban ne. Na karanta abin da kika lissafa. A zauna da mutum, a tambaye shi, a yi shiru. To ai abin da aka yi mini ke nan. Sun sa ni a tsakiya a ofishin fasto, suka tambaya, suka yi shiru, suna kaɗa kai, na ɗauka sun gane. Sannan kika ce za ku zauna a kan maganar Kaleb, don taimakonsa ne. Edna, ko sakataren nan ne ya tashi daga kabari ya riƙe miki biro, iyakar abin da zai rubuta ke nan. Ba wanda zai zauna a kan maganar jikana ina da rai. Mutum ɗaya a gidan nan ya isa.

Kuma ki sani, garin nan ba Kafanchan ba ne. Ranar da aka ga nas ɗin masu taɓin hankali ta tsallako rafi ta shiga gidana, an gama. Ba mai ba shi 'ya, ba mai ba shi hayar gona, yara za su riƙa binsa da ido. Babu hauka a zuriyarmu. Akwai taurin kai, wannan na yarda.

Na uku, ba ma bukata, domin yaron ya warke da kansa. Ranar Litinin ya tashi da sassafe ya yi wanka, ya share tsakar gida har bayan rumbu. Ya wanke mini kayana. Ya ɗauki jitarsa ya kai wa wani ɗan kwaya ya ce ya riƙe, takalmin gonarsa ya ba ɗan Afiniki, wayar kuma ya ce ya ba wani, shi ya sa ba ki same shi ba. Na ce kai da me za ka yi noma, ya ce Kaka kada ka damu. Ya bi gidajen abokansa da cittarsu ta ruɓe ya gaishe su ɗaya ɗaya. Da ya dawo ya zauna ya ci fate kwano guda, ya ce mini na gode da riƙon da ka yi mini. Tun da aka haife shi bai taɓa gode mini ba. Har ya tambaye ni inda nake ajiye mabuɗin ɗakin kayan feshi, kin ga mutum ya fara tunanin gona ke nan.

Saboda haka ki gaya wa nas ɗin ta huta. Ku ci gaba da horonku, Allah ya sa ku gama, tun da naku yana da ranar gamawa.

Afiniki ba ta jin daɗi, ban san ranar da za ta shiga kasuwa ba. Takardar za ta jira ta.

Boaz

*

Daga Kaduna, ta waya
Fasto Jason ne ya rubuta abin da Edna ta faɗa

Kaka, na gaishe ka. Ka yafe gajeriyar gaisuwa.

Wasiƙarka ta daɗe a jakar Afiniki, ta kuma kwana biyu a gidana, domin an kawo mu Kaduna ƙarasa kwas. Yanzu Gregory ya karanta mini ita ta waya. Na san ba ka shiri da fastoci, amma Fasto Jason kaɗai na samu a waya a garinku. Ka bar shi ya shigo.

Na karɓi laifin ƙugiyar, da na kalmar zama. Ka yi mini faɗa daga baya. Yanzu ka ji ni.

Abin da ka gani ba lallai warkewa ba ne. Wanda ya daɗe a kwance, ya tashi rana ɗaya yana raba abin da yake ƙauna, yana bin mutane da gaisuwa da godiya, wani lokaci sallama yake yi. Ina fata na yi kuskure.

Ka kwashe duk kayan feshi daga gidan yau, ka kai inda bai sani ba. Kada a bar shi shi kaɗai, ko gona ko rafi. Sannan ka tambaye shi kai tsaye, da waɗannan kalmomi: Kaleb, kana tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, an koya mana wannan, an kuma nuna mana dalili. In ya amsa, kada ka yi wa'azi, kada ka yi faɗa, kada ka ce me za a ce da mu. Ka saurara kawai. Kai ne wanda ya zaɓa ya zauna kusa da shi, ba ni ba, ba fasto ba.

Na kira Tamar, za ta taso. Ni ma gobe zan kama hanya. Ba nas ɗin da za ta tsallako rafi. In ya yarda, mu za mu je wurinta, kamar masu zuwa kasuwa.

Edna

Baba, ni Jason na ƙara wannan: ina tsaye a ƙofar gida, ba zan tafi ba sai ka karanta.

*

Bayan rafi
Watan tara

Edna,

Gaisuwa gare ki da mutanen gidanki. Ina fata kin huta gajiyar hanya. Da kika zo gidan ya cika, ga Tamar tana kuka, ga kunnena, ban faɗa miki yadda aka yi ba, na ce miki dai ya yarda zai je. Ga shi a rubuce, domin kada gobe a ce ba haka aka yi ba.

Faston naku na bar shi a tsaye har na gama karatu, kuma kin san karatuna ba sauri. Yaro ne, bai kai ubanki ba ko kusa. Da na gama na ba shi jarkokin feshi ya ɗora a babur ya tafi da su. Bai tsaya yi mini addu'a ba, na yaba masa a kan wannan.

Da la'asar muna gindin mangwaro ni da Kaleb muna tsinkar gyaɗa. Na nemi yadda zan faɗi abin da yarenmu, na ga ban taɓa jin an faɗe shi ba sai bayan ya faru. Sai na ciro takardar na karanta masa da Hausa, yadda kika ce, kamar mai karanta sanarwa.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da tsinka. Na ɗauka bai ji ba, ko ni ne ban ji amsar ba, sai na juyo masa da kunnen dama.

Ya ce, “Ba kullum ba.”

Bakina ya cika da magana. Akwai wa'azi, akwai zagi, akwai sunan ubansa. Na ɗebi ɗanyar gyaɗa na cusa a baki don kada su fito.

Sai ya ci gaba. Ya ce irin cittar da ya raba wa 'yan kwaya daga ɗakinsa ya fito, shi ya ce musu iri ne mai kyau, su bar masara su bi shi. Ya ce ɗaya daga cikinsu, Bartholomew, ya fasa aure saboda cittar nan, wani ya bar makaranta. Ya ce in ya tsaya a gaba yana kaɗa jita, fuskokinsu yake gani, suna waƙa suna kallonsa, ba wanda ya ce masa komai. Ya ce da sun zage shi da ya fi.

Na ce, “Shi ya sa ka dawo baya?”

Ya ce, “Ai nan ne wurin wanda ya yi laifi.”

Na ce, “Wa ya sa ka?”

Ya ce, “Ba kowa. Na ga yadda ake yi ne. Mutum ya koma can ya zauna, ba mai tambayarsa, har a manta.”

Na ce masa nawa daban ne, ni sanya ni aka yi, kuma ban yi laifi ba.

Ya ce, “Kaka, bencin dai ɗaya ne.”

Wannan maganar ba daidai ba ce, amma kin ce kada in yi gardama, ban yi ba. Na riƙe bakina har gyaɗar ta ƙare. Da ta ƙare na ga alkawarina ya cika, sai na ce masa cutar nan ta ci citta har Kachia da Kwoi, ko can ma kai ka kai musu iri, kai wane ne da za ka ruɓar da ƙasa guda. Ki faɗa wa nas ɗinki na faɗi jarrabawar kamar ke. Amma ya yi wani abu kamar dariya, ta hanci.

Na ce masa akwai wata mata a Kafanchan da aikinta ke nan, jin irin wannan. Ya ce ko za a sanar a coci. Na ce duk wanda ya sanar, da sandata zan sanar da shi. Ya ce to zai je, in zan raka shi. Tun ranar tabarmata tana ɗakinsa. Ya ce ina minshari. Na ce kunnen da zai ji ya mutu.

Sharaɗina ɗaya ne. Kada kowa ya kira abin nan horo a gabana, ku nemo masa wani suna. Kada kuma a sa shi a tsakiya.

Boaz

*

Kafanchan
Oktoba

Kaka,

Na gaishe ka, ya gwiwa bayan hawa babur? Yara suna tambayar tsohon da ya cinye musu ƙosai.

Sista Mildred ta ce Kaleb yana zuwa a kan lokaci, kuma ta ga ka daina tsayawa a bakin taga kana leƙe. Abin da suke tattaunawa nasa ne, ko ni ba ta faɗa mini. Ta ce in tuna maka abin ba ya tafiya a miƙe, zai yi kwanaki masu kyau, zai yi marasa kyau, kada ka ce ya warke, kada ka ce ya koma. Kayan feshin su ci gaba da zama wurin fasto. Tamar za ta zauna har Kirsimeti.

Mun gama kwas. An ba ni makarantarmu da unguwanni biyu. Fasto Jason ya sa sunansa a zagaye na gaba, ya ce ranar da ya tsaya a ƙofarka ya gane bai san abin da zai ce ba.

Ya kuma bincika maganarka, ni na roƙe shi. Ya tambayi duk tsofaffin coci. Ba wanda ya tuna da horon. Mama Hulda ta tuna da ƙahon, ta ce ya yi daɗi. Fasto ya ce shi bai ga abin da ya hana ka ba, tun zuwansa ya ɗauka saboda gwiwa kake zama kusa da ƙofa. Ya ce ranar Lahadi ka taho gaba kawai ka zauna inda kake so, in an yi jibi ka miƙa hannu. Shi ke nan, Kaka, ya wuce.

Jikarka,
Edna

*

Bayan rafi
An fara yankan acca

Edna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Acca ta yi, Kaleb ya yi yanka kwana biyu, rana ta uku ya kwanta, ban ce komai ba, ta huɗu ya fito. Ya karɓo takalminsa daga ɗan Afiniki, da ƙyar, yaron ya riga ya saba da shi. Jitar tana can.

Na ga saƙon fasto. Wai in taho gaba kawai. Ki karanta masa wannan, ko ki ba shi ya karanta wa dattawansa, tun da yanzu ku duka kun iya sauraro.

Ba kawai aka kai ni baya ba. Mutum ya tashi tsaye, gaban maza da mata da yara, gaban matata da take da ciki a lokacin, ya kira sunana. Ta mutu tana zama a gefen mata ita kaɗai, tana karɓar jibi tana waiwayena. Yanzu a ce in sulale gaba kamar akuyar da ta ga an bar ƙofa a buɗe, mutane su ce tsoho ya gaji ne. Ban gaji ba. Cewa kun manta ba amsa ba ce. Wanda ya manta da abin da ya ɗora wa mutum bai sauke masa ba.

Da ni kaɗai ne da na bar ku da mantuwarku, in mutu a kusa da ƙofa, masu ɗaukata ma su huta. Amma ga abin da ya faru ranar Lahadi. 'Yan kwaya sun tashi za su yi waƙa, Bartholomew ya zo har baya ya ce Kaleb ya taso, ba mai riƙe musu murya ta biyu. Na ga ƙafar yaron ta motsa. Sai ya dube ni ya ce, “In Kaka ya tashi.” Na ce masa tafi, nawa daban ne. Ya ce ya ji, ya gyara zama. Taurin kan nan na san inda ya samo shi.

To kun gani. Ni ba zan tashi ba sai an ta da ni yadda aka zaunar da ni. Shi ba zai tashi ba sai na tashi. Ni na saba da bencin nan, ya ɗauki siffar jikina. Shi bai kamata ya saba ba.

Bikin godiyar kaka yana zuwa, ranar coci yana cika har waje. Ba na son a ba ni haƙuri, ba na son buhun shinkafa. Dattawa su zauna, zaman da aka ce za a yi. In sun ga busa wa maharbi ƙaho laifi ne, su faɗa, in san matsayina, in kuma san abin da zan gaya wa yaron. In ba laifi ba ne, sakatare ya tashi lokacin sanarwa, ya kira sunana da ƙarfi, ta wajen kunnen dama, ya ce an zauna, an gama.

An koya muku tambaya, an koya muku shiru, na ga amfaninsu, ban musa ba. Shirun ya isa haka. Afiniki za ta shiga kasuwa ranar Alhamis, ta warke, ba ta da uzuri, ku ma ba ku da shi. Mu biyu ne a bencin yanzu. Wani ya amsa mini.

Boaz